Fashin Baƙi kan Dunƙulallun Maganganun Turanci: Ma'anarsu da Inda Ake Faɗinsu

Ɗalibi zai iya sanin cewa "spill" zubarwa ce, "beans" kuma wake ne, amma ranar da ya ji an ce "she spilled the beans" sai ya tsaya neman inda waken ya zube. Babu wake a zancen. Matar ta fasa ƙwai ne, ta tona abin da ake ta ɓoyo. Irin wannan magana ita Turawa ke kira "idiom": kalmomi biyu ko uku ko fiye da suka dunƙule suka ba da ma'ana guda, wadda ba za ka same ta ba in ka warware su ɗaya bayan ɗaya.

Bai kamata abin ya zame wa Bahaushe baƙo ba, don harshenmu cike yake da irinsa. Dubi "ci" kawai: a ci amana, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci mutunci, a ci jarrabawa, kuma babu inda aka tauna komai. Dubi "sha": a sha kashi, a sha iska, a sha alwashi, a sha kunu. Abin da "ci" da "sha" suke yi mana, shi "hit" yake yi wa Bature. "Hit the road" kama hanya ne. "Hit the books" duƙufa ne ga karatu. "Hit the sack" tafiya kwanciya. "Hit the roof" hasala ce mai tsanani. "Hit the nail on the head" faɗin magana daidai inda take. In kuma aka ce mutum biyu "hit it off", jininsu ne ya haɗu tun ganin farko. Fi'ili ɗaya, ma'ana shida, ba duka ko ɗaya.

Littattafan makaranta da yawa sukan jera waɗannan maganganu a hagu, ma'anarsu a dama, a ce yaro ya haddace. Wannan kashi ɗaya ne cikin uku na aikin. Sauran biyun su ne siffar maganar, wato waɗanne kalmominta ake taɓawa waɗanne ne ba a taɓawa, da kuma muhallinta, wato a gaban wa ake faɗinta kuma a wane hali. Yawancin kurakuran da ake ji a bakin masu ilimi daga nan biyun suke fitowa.

A fara da siffa. A cikin dunƙulalliyar magana abu biyu ne kawai suke motsi a kullum: fi'ili, wanda yake sauyawa da lokaci, da wakilin suna na mallaka. "Pull someone's leg" zolaya ce. Kana iya cewa "he is pulling my leg" ko "they pulled her leg", amma ƙafar ɗaya ce har abada. Ka ce "legs", magana ta koma jan ƙafafu na zahiri. Haka 'yan ƙananan kalmomin nan "a" da "the" suke. "A piece of cake" abu ne mai sauƙi ƙwarai. "The piece of cake" yankan kek ne a faranti. "Lose heart" karaya ce, amma "lose your heart to someone" kamuwa ce da son mutum. Kalma ɗaya aka saka a tsakiya, zance ya tashi daga fid da rai ya koma soyayya. Mu ma haka ne: "ya yi farin jini" daban, "ya yi farin ciki" daban, kuma ba wanda zai ce "ya yi fararen jini" don mutane da yawa ne suke sonsa.

A ƙamus za ka riƙa ganin "one's" a wasu, "someone's" a wasu, kuma bambancin yana da aiki. "One's" na nufin abin na mai aikatawa ne: "pull one's weight", yin naka kason aikin, sai ka ce "she pulls her weight". "Someone's" na nufin na wani ne daban: "get on someone's nerves", damun wani. Wanda ya rikita su zai wayi gari yana cewa ya zolayi kansa.

Wasu kuma ba sa yarda a juya su. Kana iya cewa "the beans were spilled", Bature ya fahimci asiri ya tonu. Amma "kick the bucket", wato mutuwa, in ka juya shi ka ce "the bucket was kicked", bokiti kawai aka shura. Akwai wani rukuni kuma da kusan kullum cikin korewa yake zuwa: "he didn't lift a finger", bai tsinana komai ba, "I didn't sleep a wink", ban runtsa ba, "she didn't bat an eyelid", ko gezau ba ta yi ba, "it's not rocket science", ba wani abu ne mai wuya ba. Ka cire korewar, jimla ta gurgunce, kamar Bahaushe ya ce "ta yi gezau".

Sai muhalli, inda ɓarnar ta fi yawa, don kuskuren siffa dariya kawai yake jawowa, na muhalli kuwa yana ɓata zumunci. Koma kan "kick the bucket". Ƙamus zai ce maka ma'anarsa mutuwa, kuma gaskiya ne. Amma nauyinsa daidai yake da "ya sheƙa barzahu". Ba wanda zai shiga gidan makoki ya ce ya ji baba ya sheƙa barzahu. A wurin ta'aziyya "passed away" ake cewa, wanda shi ne takwaran "ya rasu" ko "ya riga mu gidan gaskiya". Haka "under the weather": rashin jin daɗin jiki ne ƙarami, mura ko kasala ko ciwon kai. Wanda aka kwantar a asibiti aka yi masa aiki ba a faɗa masa wannan, don kamar an raina ciwon ne. "Break a leg" fatan alheri ne, amma gidansa dandalin wasan kwaikwayo, inda 'yan wasa suke camfa cewa furta fatan sa'a kai tsaye yana jawo akasi. Ana faɗa wa wanda zai hau dandamali ya yi wasa ko waƙa ko jawabi. Ba a faɗa wa direban da zai kama hanyar Kano zuwa Legas. "With all due respect" kuma, ko da yake kalmominsa na ladabi ne, sanarwa ce cewa musu na tafe. Shugaban da ya ji ka fara da shi ya riga ya san za ka ƙi maganarsa.

Akwai kuma waɗanda suka tsufa. "It's raining cats and dogs" kusan kowane ɗan makaranta a Najeriya ya san shi, alhali a Landan ba kasafai za ka ji shi a bakin matashi ba. "It's pouring" suka fi cewa. Ma'anar dai ita ce tamu ta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya yi amfani da shi za a gane shi, amma za a ji ƙanshin littafi a maganarsa.

Wani abu da yake rikitar da mai koyo shi ne Turawa sukan yanke karin magana su faɗi rabi, kamar yadda muke cewa "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta..." mu yi shiru. "When in Rome" rabin magana ce da ke nufin in ka je gari ka bi al'adar mutanensa. "The last straw" daga zancen karan ƙarshe ne da ya karya gadon bayan raƙumi, wato ƙaramin abin da ya kai haƙuri maƙura bayan an daɗe ana tarawa. "Speak of the devil" ana faɗinsa in wanda ake zancensa ya shigo, kuma duk da an ambaci shaiɗan babu zagi a ciki. Daidai yake da "ɗan halak, ka ƙi ambato".

Turancin kansa ba ɗaya ba ne. Abin da Ingila ta kira "a storm in a teacup", hayaniya a kan abin da bai taka kara ya karya ba, Amurka tana cewa "a tempest in a teapot". Ingila "touch wood", Amurka "knock on wood", abin da ake faɗi don kada sa'a ta juya. Ingila tana share ƙura "under the carpet", Amurka "under the rug", wato a ɓoye matsala maimakon a magance ta. Ingila "a pinch of salt", Amurka "a grain of salt", duka biyun suna nufin kada ka gaskata magana ɗari bisa ɗari. Waɗannan ba su da haɗari, ma'ana ɗaya ce. Mai haɗarin shi ne "to table". A majalisar Ingila, da ta Najeriya da ta gaje ta, in an ce an yi "table" ɗin ƙuduri, an gabatar da shi ne don a tattauna. A majalisar Amurka kuwa an jingine shi ne. Winston Churchill, tsohon firayim ministan Birtaniya, ya ba da labarin yadda hafsoshin Birtaniya da na Amurka suka yi doguwar gardama a kan kalmar nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin su gano cewa abu ɗaya suke so, wato a tattauna takardar nan take. Mai fassara labarin majalisar Amurka zuwa Hausa in bai san wannan ba, zai ce an gabatar da ƙudurin da aka binne.

Najeriya ma tana da nata. "More grease to your elbow" namu ne. Na Ingila "more power to your elbow" ne, sai aka gauraya shi da "elbow grease", wato aikin ƙarfi irin na goge-goge. "Cut your coat according to your size" namu ne. Na asali "according to your cloth" yake cewa, kuma shi ya fi kama hankali, don tela yadin da ke hannunsa yake dubawa, girman jiki ba ya ƙara tsawon yadi. Daidai ruwa daidai tsaki ke nan. "Birds of the same feather" a can "birds of a feather" ne. "Half bread is better than none" a can "half a loaf" ne, mu kuma mu ce da babu gara ba daɗi. "The devil you know is better than the angel you don't know" a can babu mala'ika, shaiɗanu biyu ne ake gwadawa. "Go-slow" a nan cunkoson motoci ne, a Ingila kuwa jan ƙafa ne da ma'aikata suke yi da gangan don matsa wa hukuma. "I'm coming" a bakin mai fita "ina zuwa" ne muka sa wa rigar Turanci. Bature da ya ji haka zai tsaya jiran ka matso, alhali kai ƙofa ka nufa.

Waɗannan ba abin kunya ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya sanar da shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "Kannywood", da "next tomorrow", da "rub minds", da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Abin lura dai shi ne ƙamus ɗin ya yi musu alamar cewa na Najeriya ne ko na Afirka ta Yamma. In ka rubuta wa likita a Manchester cewa matarka "has put to bed", zai tambaye ka wane yaro ta kwantar. Ka yi naka a gida, ka san na waje don takardar waje da ta jarrabawa.

Sanin tushen magana yakan sa ma'anarta ta zauna a kai ba tare da hadda ba, kuma tushen da yawa daga cikinsu 'yan wurare ne kaɗan. Damben boksin ya ba da da yawa. In ɗan dambe ya jigata, mai horar da shi yakan jefa tawul cikin fage don a tsayar da faɗa, shi ne "throw in the towel", miƙa wuya. "On the ropes" shi ne wanda aka tura jikin igiyoyin fage, yana dab da faɗuwa. "Below the belt" naushin ƙasan ɗamara ne da doka ta hana, shi ya sa ake faɗinsa ga maganar da ta wuce gona da iri ta taɓa abin da bai kamata ba. "Saved by the bell" shi ne wanda ƙararrawar ƙarshen turmi ta cece shi. Daga wasan tanis aka samo "the ball is in your court", dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Jiragen ruwa sun ba da "learn the ropes", koyon makamar aiki, don sabon matuƙi igiyoyin filafilai yake fara koya, da "all hands on deck", kowa ya fito a haɗa hannu, da "in the same boat", wanda mu ma muke cewa jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Turancin ofis na Amurka kuwa wasan besbol ne ya cika shi, kuma tunda ba ma yin wasan, nan muka fi tuntuɓe. "A ballpark figure" ƙiyasi ne, ba adadin ƙarshe ba, don haka kada ka rubuta shi cikin yarjejeniya. "Touch base" 'yar gajeriyar tuntuɓa ce. "Step up to the plate" fitowa ne a ɗauki nauyi. "Take a rain check" daga tikitin da ake ba 'yan kallo ne in ruwan sama ya hana wasa, su dawo da shi wata rana. Wanda ya ce maka haka bai ƙi gayyatarka ba, cewa ya yi sai wani jiƙon.

Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, ta yaɗa wasu da har waɗanda ba Kirista ba suke faɗi ba tare da sun sani ba. "The writing on the wall", alamar cewa ƙarshe ya zo, daga labarin Daniyel ne da rubutun da ya bayyana a bangon fadar sarkin Babila. "By the skin of my teeth" daga Littafin Ayuba ne, da ƙyar da jiɓin goshi. "Go the extra mile" daga Linjilar Matta ne, inda aka ce wanda ya tilasta maka tafiyar mil ɗaya ka yi masa biyu. Jaridunmu kuma suna son "white elephant project". Farar giwa a tsohuwar Siyam, Tailan ta yau, dabba ce mai alfarma da ba a sa ta aiki, ga cin kuɗin kiwo. Shi ya sa ake kiran aikin gwamnati da ya lashe dukiya ba amfani da wannan suna. "Red tape" daga jan zaren da ake ɗaure takardun hukuma ne, ya zama sunan jan ƙafar ofis.

A nan sai a yi hattara da labaran tushe da suke yawo a WhatsApp da Facebook. Zancen cewa "saved by the bell" daga ƙararrawar da ake sa wa akwatin gawa ne, ko cewa "raining cats and dogs" daga karnuka da kyanwoyin da suke faɗowa daga rufin ciyawa in ana ruwa ne, ko cewa "rule of thumb", wato ƙa'idar kintace, daga wata doka ce ta dukan mata, duk masana tarihin kalmomi ba su sami hujjarsu ba. Daɗin labari ne ya yaɗa su.

Dabbobi da launuka suna da nasu tarkon, don darajarsu ba ɗaya ba ce a al'adun biyu. Ka kira Bahaushe kare, ka shirya rigima. Bature kuwa "top dog" yake ce wa wanda ya fi kowa ƙarfi a wuri, "underdog" kuma ga wanda ba a sa ran zai yi nasara, kamar yadda masu sharhin ƙwallo suke faɗi. Mujiya a wurinmu alamar baƙin jini ce. A wurinsu alamar hikima ce, "night owl" kuma mai raba dare ne kawai. "Bring home the bacon" ba ya nufin an kawo naman alade gida, neman abin da za a ciyar da iyali ne. Kamfanin da yake "in the black" riba yake ci, wanda yake "in the red" shi ne ke cikin asara, don da jan tawada akantoci suke rubuta giɓi. Wanda ya ɗauko ma'anar baƙi ta "baƙin ciki" da "baƙar wahala" zai karanta rahoton kuɗi a juye.

Mai fassara yana da hanya uku, kuma a jere ake bin su. Da farko ka nemi takwara a Hausa mai nauyi ɗaya: "I smell a rat", akwai lauje cikin naɗi, "between a rock and a hard place", gaba kura baya siyaki, "the pot calling the kettle black", gwano ba ya jin warin jikinsa, "shut the stable door after the horse has bolted", ihu bayan hari, "it cost an arm and a leg", ɗan karen tsada. In babu takwara, ka faɗi ma'anar a fili: "he got cold feet", ya ja da baya don tsoro dab da lokaci. Fassarar kalma da kalma ita ce ta ƙarshe, kuma sai in hoton zai fito wa mai sauraro da kansa, kamar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, wanda ya riga ya zauna a kunnen Hausawa. "Ƙwallo na farfajiyarka" ba zai taɓa zama ba.

A jarrabawar WAEC da NECO da JAMB akan ba da jimla mai ɗauke da irin wannan magana a ce ka zaɓi fassarar da ta dace. Fara da soke zaɓin da ya maimaita ma'anar zahiri, don sau da yawa shi ne tarkon. Sannan ka duba sauran jimlar, yabo take yi ko suka, ka soke wanda ya saɓa. A ƙarshe ka kula da korewa da lokacin fi'ili, don zaɓi biyu sukan yi kama, bambancinsu "bai yi ba" da "ba zai yi ba". A IELTS kuwa, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, ma'aunin mataki na 7 a sashen magana ya ambaci amfani da irin waɗannan maganganu, amma mai jarrabawa dacewa yake saurare, ba yawa ba. Biyu da suka faɗi a muhallinsu sun fi goma da aka cusa. A sashen rubutu, da wasiƙar neman aiki, da rahoton ofis, ka bar irin su "piece of cake" da "hit the sack" gaba ɗaya.

Wajen neman su a ƙamus, kada ka duba "a" ko "the" ko "in". Ƙamus na Oxford na masu koyo yana ajiye su a ƙarshen bayanin kalma mai nauyi ta farko, suna ko fi'ili ko sifa, in kuma ba a nan aka yi bayanin ba zai tura ka inda yake. Kafin ka karanta ma'anar, karanta 'yar alamar da ke gabanta: "informal" na hira ne, "old-fashioned" ya tsufa, "humorous" na raha ne, "offensive" na cin fuska ne, sannan akwai alamar da ke nuna na Birtaniya ne ko na Amurka. Ka kwafe maganar cikin littafinka tare da cikakkiyar jimlar misali, da alamar, da takwararta ta Hausa in akwai. Biyar a mako sun isa. Kada ka furta sabuwa sai ka ji ta ko ka karanta ta sau biyu ko uku a bakin masu harshen, a labarai ko hira ko jarida, ka ga wa ya faɗa wa wa, kuma fuska a sake aka faɗa ko a ɗaure.